KUNNE YA GIRMI KAKA: Gadon Kiɗan Tsirkiya Daga Yerwa Zuwa Tsibiran Tabkin Cadi

A cikin shekarun 1950 wani yaro maraya ya zo Maiduguri daga Bukuru ta ƙasar Jos. Yana cikin yawonsa a gari sai ya tarad da makaɗa suna sana'arsu, ya tsaya ya kasa kunne, abin kuwa ya shiga ransa ƙwarai. Bai zame ko'ina ba sai da ya nemi gwangwani da fata da 'yar sanda da tsirkiya guda, ya harhaɗa kuntiginsa da hannunsa. Wannan yaro shi ne Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa cikin 1946, ya kuma rasu ran 20 ga Yuni, 2015, bayan ya shafe shekaru masu yawa yana faranta wa jama'ar ƙasar nan rai, yana kuma yi musu gargaɗi, da tsirkiya ɗaya tak. Ba a takarda ya koyi kiɗan nan ba. Kunnensa ne ya ɗauko, yatsunsa suka bi.

Haka kusan dukan makaɗan tsirkiya na ƙasar Hausa da Barno suka sami sana'arsu, ko masu goge irin su Garba Liyo, ko masu kukuma irin su Ahmadu Doka, ko masu gurmi irin su Haruna Uji na Haɗejiya. Hanyar tana da kyau, ta kuwa fid da gwanayen da har gobe ba a daina jin muryarsu ba. Amma fa tana da sharaɗi guda mai tsanani, watau tilas ne a sami babba mai kaɗawa da yaro mai saurare a wuri ɗaya, a zamani ɗaya. Ran da aka rasa ɗaya daga cikin biyun nan, to, kiɗan da aka yi shekaru ɗaruruwa ana gadonsa yana iya ɓacewa cikin kwana guda. Akwai wani kayan kiɗa na mutanen Tabkin Cadi da ya kai bakin wannan rami, akwai kuma wani na wata ƙasa mai nisa a Turai da ya faɗa ciki. Labarinsu duka biyu ya shafi Maiduguri.

YADDA AKE KOYO

Yaron makaɗi ba ya fara da taɓa kayan kiɗa. Galibi yakan fara ne da ɗaukar kaya, da shimfiɗa tabarma, da tattara abin da aka yi wa maigida kyauta a wurin biki ko suna. In an ga yana da murya sai a sa shi cikin 'yan amshi. A wannan zama da wasu za su ɗauka ɓata lokaci ne, yaron yana jin kiɗa guda sau ɗari, da dare da rana, a gidan sarauta da bakin kasuwa, har ya zama yana iya rera shi da baki ba tare da ya san ran da ya haddace ba. Saboda haka a lokacin da za a miƙa masa kayan, kiɗan ya riga ya zauna a kansa, saura kawai ya koya wa yatsunsa hanyar da za su bi su kai gare shi.

Abu na farko da hannu ke koyo shi ne ɗaurin tsirkiya, watau daidaita muryarta. Wannan kuwa ya fi yadda ake zato wuya, domin kayan kiɗan gargajiya masu rai ne, suna jin yanayi. Fatar da aka rufe ƙwarya ko ƙoƙo da ita takan saki da damina, ta ɗame da hunturu. Tsagiyar goge, watau gashin wutsiyar doki, tana bukatar a goga mata ƙaro kafin ta yi magana sosai. Ɗan icen nan da ake kira jaki, wanda tsirkiya ke hawa a kansa, in ya gusa kaɗan murya ta canza. Babu wani awo da makaɗi ke dubawa. Yakan ja, ya sassauta, ya kaɗa, ya saurara, har tsirkiya ta yi daidai da maƙogwaron mai waƙa. Yaron da bai iya jin cewa tsirkiya ta sauka ba, ko da yatsunsa sun fi na kowa sauri, bai kama hanyar zama makaɗi ba tukuna.

Sa'an nan sai a ba shi ɗan gajeren kiɗa guda, wanda shi ne gindin waƙa, ya yi ta maimaitawa. A nan harshe yana taimakonsa ƙwarai. Hausa da Barbarci harsuna ne masu hawa da saukar murya, kiɗa kuwa sau da yawa bin maganar yake yi. Take yana da kalmominsa, ko da ba a furta su ba. Wanda ya riƙe kalmomin ya riƙe rabin kiɗan, domin inda magana ta hau nan yatsa zai hau, inda ta sauka nan zai sauka. Shi ya sa ɗan gari yakan riga baƙo kamawa, ko da baƙon ya fi shi ilmin kiɗa na makaranta.

Bayan wannan akwai abubuwan da maigida ba ya faɗa da baki, sai dai yaro ya gani ya ji. Akwai yadda ake kashe muryar tsirkiya da gefen yatsa don kada ta shiga cikin ta gaba. Akwai sanin inda za a ja baya a bar mai waƙa ya numfasa. Akwai kuma sanin wane kiɗa ne na wa: wanda ake yi wa maharba ba shi ake yi wa amarya ba, wanda ake yi a gaban hakimi kuwa yana da lokacinsa da ladabinsa. Sai maigida ya ga yaro ya haɗa waɗannan duka kafin ya sa masa albarka ya sallame shi ya ci gashin kansa.

BIRAM, KAYAN KIƊAN MASUNTA

Duk wanda ya san kasuwar kifi ta hanyar Baga a Maiduguri ya san cewa arzikin Tabkin Cadi ya daɗe yana shigowa birnin a cikin kwali da buhu. Amma tabkin yana da wata dukiyar da ba ta shiga kwali. A cikin tsibiransa akwai wata kabila da Barebari ke kira Buduma, watau mutanen ciyawa, su kuwa suna kiran kansu Yedina. Masunta ne kuma makiyaya, su ne masu shanun nan na Kuri masu kumburarrun ƙahoni, su ne kuma aka sani da saƙa jiragen ruwa da ciyawar tabki. Suna zaune a sassan tabkin da ke cikin Cadi da Nijar da Nijeriya da Kamaru, domin tun kafin a shata iyakokin nan suke wurin.

Waɗannan mutane suna da kayan kiɗa da ake kira biram. Jikinsa ice ne da aka fafe da siffar kwalekwale aka rufe da fata, yana da dogon wuya lanƙwasasshe, da tsirkiya biyar da aka ɗaura daga wuyan zuwa jikin. Bambancinsa da garaya ko gurmi babba ne. Mai garaya yana danne tsirkiya a jikin sanda don ya sami muryoyi dabam dabam daga tsirkiya guda. Mai biram kuwa ba ya danne kome, kowace tsirkiya murya ɗaya gare ta, tana rataye a sarari, sai dai a fizge ta da yatsa. Tsirkiya biyar, murya biyar, ke nan duk gwanintar ta koma ga ɗauri da jerin yatsu da kuma waƙar da ke bisa. In ɗaurin ya ɓace daga kunnen mutane, ko da an ajiye biram ɗari a gidan tarihi, ice ne kawai da fata. Irin wannan kayan kiɗa mai lanƙwasasshen wuya ba a tabkin kaɗai yake ba, akwai danginsa a hannun Kotoko da kuma wasu kabilun duwatsun Mandara, amma biram ya fita dabam saboda siffarsa da matsayinsa. Bisa tsohuwar al'adar Buduma, kaya ne mai alfarma da suke dangantawa da wani iskan tabki da suke kira Kargila, ba kowa ake bari ya taɓa shi ba, waƙoƙinsa kuwa na tabki ne da kifi da shanu da jaruntakar kakanni.

Abin da ya raunana biram shi ne abin da ya raunana zaman tsibiran. A cikin 1963 faɗin ruwan tabkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Aka yi farin farkon shekarun 1970, aka sake yin na 1984, har ruwan ya janye ya koma bai kai kashi ɗaya cikin goma na yadda yake ba. Ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya, masunta da makiyaya sun riga sun warwatsu suna bin ruwa da ciyawa, samari sun nufi garuruwa, rediyo da kaset kuma sun shigo da kiɗe-kiɗen da suka fi jan hankalinsu. Tsofaffin da suka iya biram suka riƙa rasuwa ɗaya bayan ɗaya, ba kowa a gabansu.

MALAMI YA KOMA ALMAJIRI

A nan ne labarin Malam Mamman Barka ya shigo. An haife shi a Tesker ta gabashin Jamhuriyar Nijar a ƙarshen shekarun 1950, cikin kabilar Tubawa makiyaya. Ya yi karatun zamani har ya zama malamin makaranta, sa'an nan ya yi suna ƙwarai da kiɗan gurmi da waƙa, a Nijar da arewacin Nijeriya baki ɗaya. Watau mutum ne da ya riga ya kai inda makaɗi ke so ya kai, ba shi da bukatar ya sake durƙusa wa kowa.

Duk da haka, a cikin 2002, da taimakon kuɗi daga hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya bar Yamai ya nufi Tabkin Cadi neman wani tsoho mai suna Bukar Tar, wanda aka ce shi kaɗai ya rage cikin gwanayen biram. Mamman Barka ba Buduma ba ne, bai gaji kayan ba, bisa al'ada ma ba shi da hurumin taɓa shi. Amma tsohon ya duba ya ga babu wani daga cikin nasa da ya zo nema, ga kuma baƙo ya taso daga nesa ya zauna a gabansa da ladabi. Sai ya karɓe shi, aka yi masa abubuwan da al'ada ta tanada, ya koya masa ɗauri da kiɗa da waƙoƙin, baki da baki, hannu da hannu. Daga ƙarshe ya ba shi biram nasa, ya kuma ɗora masa nauyin ya kai shi inda duniya za ta ji. Ba a yi shekaru da yawa ba Bukar Tar ya rasu.

Almajirin kuwa ya cika alkawari. Shi da abokinsa makaɗin ganga, Umaru Adamu, sun kai biram ƙasashen Turai, sun yi wasa a Ingila cikin 2008, a cikin 2009 kuma wani kamfani na can ya fid da faifansu. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Buduma ba suka ji muryar tsibiran. Malam Mamman Barka ya rasu a Yamai ran 21 ga Nuwamba, 2018. Allah Ya jiƙansa. Da a ce ya yi jinkirin 'yan shekaru kafin ya tafi tabki, da ya tarad da kabari. Rasuwarsa kuma ta nuna cewa ceton da mutum ɗaya ya yi, na tsawon ransa ne kawai, sai fa in wani ya zauna a gabansa kamar yadda shi ya zauna a gaban Bukar Tar.

ABIN DA YA FARU A AILAN

Mai karatu zai so ya san abin da ke biyo baya in sarƙar nan ta tsinke ɗungum. Amsar tana can a Ailan, tsibirin da ke yamma da Ingila. Mutanen wannan ƙasa suna da wani kayan kiɗa dangin biram, wanda Turawa ke kira haf. Shi ma tsirkiyoyinsa a sarari suke, kowace da muryarta, sai dai nasa sun kai wajen talatin, na farin ƙarfe ko tagulla, jikinsa kuma kusurwa uku gare shi. Darajarsa a wurinsu ta kai har shi ne tambarin ƙasar, shi ne kuma a jikin kuɗinsu. Akwai wani tsoho ƙwarai da ke ajiye a Kwalejin Tiriniti ta birnin Dablin, wanda aka ƙiyasta ya haura shekara 500.

Makaɗan wannan kaya sun yi kama da makaɗan fada na ƙasar Hausa da Barno. Sarakuna da masu ƙasa ne ke riƙe da su, su kuwa suna yi musu kiɗan yabo. Da yawansu makafi ne, domin a zamanin in ciwon agana ya makantar da yaro, akan kai shi wurin makaɗi ya koyi sana'ar da zai ci abinci. Ke nan ba zancen takarda, da kunne ake koyo. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Turlough O'Carolan, wanda aka haifa cikin 1670. Agana ta makantar da shi yana da shekara 18, wata mata mai hali ta sa aka koya masa kiɗa shekara uku, sa'an nan ta ba shi doki da ɗan jagora da guzuri. Ya yi kusan shekara hamsin yana yawo gida gida yana yi wa masu arziki take, har ya rasu cikin 1738. Kiɗe-kiɗe sama da 200 ake dangantawa da shi.

To, amma tun daga shekarun 1600 mulkin Ingila ya karya sarakunan gargajiya na Ailan, ya ƙwace ƙasashensu. Da iyayen gida suka ƙare, sana'ar ta shiga ja da baya. A watan Yuli na 1792 wasu mutanen birnin Belfas suka ga abin zai ɓace, suka kira taron makaɗa. Goma kaɗai suka zo daga Ailan duka, da ɗaya daga Wales. Fiye da rabinsu makafi ne, galibinsu tsofaffi, mace ɗaya ce a ciki, yaro kuma ɗaya, ɗan shekara 15. Mafi tsufansu, Denis Hempson, yana da shekara 97 a lokacin, shi kaɗai ne kuma ya rage mai kaɗawa da dogayen farata kamar yadda mutanen da suke yi.

Masu taron suka ɗauki wani saurayi ɗan shekara 19, Edward Bunting, wanda ya iya rubutun kiɗa irin na Turawa, suka sa shi ya rubuta abin da tsofaffin ke kaɗawa. Ya yi aikin da himma, ya bi wasunsu har gida, ya buga littattafai uku, na ƙarshensu cikin 1840. Ya rubuta yadda suke ɗauri, yadda suke farawa daga wasu tsirkiyoyi biyu na tsakiya masu murya ɗaya, har da kiɗe-kiɗen farko da ake koya wa yaro. Ba don shi ba da an yi hasarar da ba ta misaltuwa. Amma a littattafan da ya buga ya juya kiɗan ya dace da piyano, don masu sayen littafi piyano suke da shi a gida.

An kuma gwada buɗe makaranta. Cikin 1808 aka kafa ƙungiya a Belfas, aka ɗauki wani tsohon makaho, Arthur O'Neill, ya koya wa yara makafi. Kuɗi suka ƙare, makaranta ta mutu cikin 'yan shekaru. Aka sake tada ita cikin 1819 da gudummawar 'yan Ailan mazauna Indiya, ita ma ta yi wajen shekara ashirin ta rufe. Daga ƙarshe aka wayi gari babu sauran mai kaɗa tsohon haf na ƙarfe wanda ya karɓa daga hannun malami. Wani sabon iri mai tsirkiyar hanji, wanda aka fara ƙerawa a Dablin, shi ya maye gurbinsa.

TAKARDA TA RIƘE WANI, TA SAKI WANI

Daga shekarun 1970 wasu masu sha'awa suka tashi su dawo da tsohon kiɗan. Suka sa aka ƙera musu kayan bisa awon waɗanda ke gidajen tarihi, suka tara farata, suka duƙufa a kan rubuce-rubucen hannu na Bunting da ke ajiye a Jami'ar Sarauniya ta Belfas. Sun yi aiki mai ban mamaki. Amma abin da yaron makaɗi zai ɗauka cikin wata guda ta kallon hannun maigidansa, su sai da suka yi shekaru suna gwaji da kintace kafin su kusance shi. Tsirkiyar ƙarfe tana daɗewa tana ƙara, saboda haka rabin gwanintar a kashe murya take, wane yatsa zai koma ya taɓa wace tsirkiya, a wane lokaci. Takarda ta riƙe jerin muryoyi, amma nauyin hannu da numfashin kiɗan sun tafi tare da masu su.

Mutanen Ailan sun ɗauki darasi. Yanzu malamai da yawa masu koyar da haf na gargajiya da kunne suke koyarwa. Malami ya kaɗa ɗan yanki, yara su maimaita, ya ƙara wani, su haɗa, sai waƙa ta zauna a hannu ɗaya kafin a kawo na biyun. Ɗalibi yakan ɗauki muryar malami a wayarsa ya je gida ya yi ta saurare, takarda kuwa sai daga baya, don tuni. A watan Disamba na 2019 UNESCO ta sa kiɗan haf na Ailan cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Ƙasar da ta dogara ga rubutu don ceton kiɗanta, ita ce ta komo ga hanyar da yaron makaɗi ke bi a Yerwa.

AIKIN DA KE GABAN MAIDUGURI

Maiduguri ta riga ta yi irin aikin Bunting, ta ma fi shi kayan aiki. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara wani shiri a Jami'ar Maiduguri na tattara kiɗe-kiɗen Barno, tare da wani masani Bajamushe, Raimund Vogels. Ma'aikatan shirin sun zaga birni da ƙauye suna ɗaukar murya da hoto, tun daga ganga kura da algaita na fadar Shehu har zuwa kiɗe-kiɗen sauran kabilun jihar. Daga 2016 kuma jami'ar ta haɗa hannu da Jami'ar Hildesheim ta Jamus da ta Cape Coast a Gana wajen horar da ɗaliban manyan digiri a kan raya al'adu. Wannan dukiya ce babba, musamman da yake an ɗauki abubuwa da yawa kafin fitinar da ta tashi cikin 2009.

Fitinar nan ta taɓa kiɗa ta hanyar da ba a cika lissafawa ba. Shekaru da dama dokar hana fita ta kashe wasan dare a birni, bukukuwa suka taƙaita, makaɗan ƙauye suka gudu suka bar kayansu. A watan Janairu na 2015 aka auka wa Baga, mutanen bakin tabki suka kwararo Maiduguri. A cikin wannan shekara kuma hukumomin Nijar suka kwashe dubban mutane daga tsibiran da ke ɓangarensu. Yaron da aka haifa a sansanin gudun hijira ya tashi bai ji kiɗan garinsu sau ɗari ba, balle ya zauna a kansa. Matakin farko na koyo, watau saurare, shi ne aka sare.

Sai dai kuma wannan musiba ta tara a gari guda mutanen da a da sai an yi tafiyar kwanaki a mota da jirgin ruwa kafin a gan su. Ko bayan da gwamnatin jiha ta rufe sansanonin cikin birni daga 2021, da yawa sun zauna a unguwanni. Tun da yake Buduma ba a Nijar kaɗai suke ba, ya kamata masu bincike su bi mutanen tabki da ke Maiduguri da waɗanda suka koma Baga, su tambayi tsofaffi abin da suka riƙe na waƙoƙin biram, ko da da baki ne. Haka kuma masu molo da kukuma, da masu gulum da tsinza na ƙasar Biu, duk wanda ya tsufa ba shi da yaro a gabansa, lokacinsa ne yanzu.

Abin da ake bukata ba shi da tsada in an gwada da sauran ayyukan gwamnati. A nemi gwanaye a san inda suke. A ba kowannensu ɗan abin da zai riƙe kansa, bisa sharaɗin ya ɗauki yara biyu ko uku, su ma a taimake su, domin yaron da ke neman abin da zai ci ba zai zauna shekara uku yana saurare ba. Kuɗin kuma ya zama mai ɗorewa, kada a maimaita abin da ya sami makarantar Belfas. Gidan rediyo da talabijin na jiha ya riƙa sa tsofaffin kiɗe-kiɗen a kai a kai don kunnen yara ya saba. Abin da jami'a ta tara a mai da kwafensa ga garuruwan da aka ɗauko shi, a kuma ajiye wasu a wurare dabam dabam, domin ambaliyar da ta biyo fashewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024 ta nuna wa kowa cewa abin da ke ajiye a ɗaki guda yana iya tafiya cikin dare ɗaya. Iyaye kuma su tuna cewa sana'ar da ta kai Ɗanmaraya da Mamman Barka ƙasashen duniya ba abin kunya ba ce ga yaron da Allah Ya ba kunne.

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, domin yana jin labarin abin da ya faru tun ba a haifi kakan ba. Gaskiya ne, amma sai in akwai mai faɗa masa. Mutanen Belfas sun farga a lokacin da makaɗan Ailan goma kaɗai suka amsa kiransu, Mamman Barka ya isa tabki saura ɗaya. Masu tsirkiya na Barno ba su kai ga wannan hali ba tukuna, akwai sauran tsofaffi da kayansu a rataye a bango, akwai kuma yara a ƙofar gida. Abin da ya rage shi ne a shimfiɗa musu tabarma guda. Allah Ya sa a farga da wuri.